Zaɓen Talabijin ɗin Kicin: Wadda Za Ta Jure Maiƙo, Zafi da Halin Wutar Zariya

Duk wanda ya lura da yadda gida yake a watan azumi ya san cewa tun daga bayan azahar har zuwa kiran sallar magariba uwargida ba ta da wurin zama sai kicin, kuma a daidai wannan lokacin ne tashoshi suke sako tafsiri ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa sai dai ta riƙa jiyo shi daga falo, rabi ya iso kunnenta, rabi ƙarar suyar ƙosai ta haɗiye. Ko a sauran watanni ma, idan aka haɗa girkin safe da na rana da na dare da wanke-wanke, sa'o'in da mace take yi a kicin sun fi waɗanda maigida yake yi a falo. Saboda haka ban ɗauki sanya talabijin a kicin a matsayin almubazzaranci ba, matuƙar akwai hali, domin hanya ce ta rage wa mai girki kaɗaici da kuma ba ta rabonta na karatu da labarai. Abin da nake so a kauce masa shi ne a kashe kuɗi a kan abin da ba zai yi ƙarko ba.

Kuskuren da aka fi yi, kuma ni ma na yi shi a gidanmu da ke Tudun Wada, shi ne idan an sayi sabuwar talabijin a falo sai a ɗauki tsohuwar a kai kicin a ɗora ta inda aka samu wuri. Tamu mai inci 32 ce, muka ɗora ta a kan firij kusa da murhun gas, kuma shekara ba ta zagayo ba sai ta koma murya ba hoto. Da mai gyara ya buɗe bayanta a gabana, abin da na gani shi ne maiƙo ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙaro, ya toshe ramukan da iska take fita, kyankyasai kuma sun yi sheƙa a jikin allon da yake rarraba wuta saboda ɗumin da suke samu a wurin. Tun daga ranar na gane cewa kicin shi ne yake zaɓar talabijin, kuma tambayar farko ba ta suna ko girma ba ce, tambaya ce ta irin wutar da ake girki da ita.

Kicin a Zariya ba iri ɗaya ba ne. A gidaje da yawa na cikin Birni madafin yana tsakar gida ne ko a wata rumfa a gefe, ana girki da itace a murhu mai duwatsu uku, kuma duk wanda ya ɗaga kai ya kalli rufin irin wannan madafi ya ga abin da hayaƙi yake yi wa kwano da azara, balle kuma na'ura mai siraran wayoyi. A irin wannan wuri shawarata ita ce kada a sa talabijin kwata-kwata, ko wace iri ce, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rediyo mai batir, wadda za a rataye a ƙusa a kama Rediyon Najeriya na Kaduna ko Nagarta ko sashen Hausa na BBC, ta fi dacewa nesa ba kusa ba, kuma idan aka gama girki sai a ɗauke ta a shiga da ita ɗaki. Kicin ɗin da ake amfani da gawayi a kurfoti ko rishon kananzir yana tsaka-tsaki: hayaƙinsa bai kai na itace ba, amma toka tana tashi idan ana fifita wuta, risho kuma yana baƙanta bango sannu a hankali, don haka sai idan ɗakin yana da faɗi da taga biyu masu kallon juna ne zan yarda a gwada. Kicin ɗin da talabijin za ta zauna lafiya shi ne na cikin gida mai gas ko murhun lantarki, irin wanda ake gani a sababbin gine-ginen Samaru da Hanwa da Gyallesu, kuma a kansa ne sauran bayanin nan zai tsaya.

Girman talabijin ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne, shi ya sa lambar da ke jikin kwali ba ta nuna wa mutum faɗin da za ta ci a bango. Mai inci 19 faɗin fuskarta kusan santimita 42 ne, mai inci 24 kusan 53, mai inci 32 kusan 71, mai inci 43 kuwa tana kaiwa 95, wato kusan mita guda. A kicin mai taku huɗu zuwa biyar, inda mai girki ba ta wuce mita biyu ko biyu da rabi daga bango, gasar gaskiya tana tsakanin inci 24 da inci 32 ne. Mai inci 32 ta fi yawa a kasuwa, kayan gyaranta sun fi samuwa, kuma sau da yawa bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa mai shago zai ce a ƙara kaɗan a ɗauki babbar. A falo wannan shawara ce mai kyau. A kicin kuwa babbar tana neman bangon da babu kabet a jikinsa, abin da ba kowane kicin yake da shi ba, kuma idan wurin ya matse dole a matsar da ita kusa da wuta ko kusa da wurin wanke-wanke, wato wurare biyun da ake gudu. Mai inci 24 tana shiga tsakanin taga da kabet, ba ta da nauyi, ana iya sauke ta da hannu ɗaya ranar da za a yi babbar suya ta suna ko ta layya. Mai inci 19 kuwa sai ga kicin ɗin da ya yi ƙanƙanta sosai, domin rubutun da ke gudu a ƙasan labarai da ayoyin da ake nunawa lokacin tafsiri ba sa karantuwa daga nesa a kanta.

Maganar kaifin hoto ba ta buƙatar dogon bayani a nan. Yawancin ƙananan talabijin suna da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, waɗanda suka fi su suna da 1920 da 1080, kuma a kan fuska mai inci 24 daga nisan mita biyu ido ba ya rarrabe tsakanin biyun. Masu 4K, wato masu ɗigo fiye da waɗannan, da masu irin fuskar da ake kira OLED na falo ne, kuma OLED ma ƙaramarta tana farawa ne daga inci 42, ga tsada.

Abin da ya fi kaifin hoto muhimmanci, amma ba kasafai mai saye yake tambayarsa ba, shi ne yadda hoton yake idan an kalle shi daga gefe ko daga ƙasa. Mai zama a falo yana fuskantar talabijin ne kai tsaye, mai girki kuwa yanzu tana gaban tukunya, anjima tana wurin yankan albasa, can kuma ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana tankaɗe ko tsince shinkafa, talabijin kuma tana can sama a bango. Fuskokin LED iri-iri ne. Wadda ake kira IPS tana riƙe launinta ko daga ina aka kalle ta, sai dai baƙinta ba ya yin wuluk a cikin duhu. Wadda ake kira VA baƙinta ya fi zurfi, ta fi daɗin kallon fim da dare, amma da zarar an koma gefe sai launin ya fara koɗewa. Akwai kuma TN da ake samu a wasu ƙananan masu arha, wadda idan aka kalle ta daga ƙasa fuskar mutum takan yi duhu har a kasa gane shi. Tunda kicin wuri ne mai haske kuma mai yawan zirga-zirga, IPS ce ta fi dacewa. Ba kowane kwali yake faɗin irin fuskar da ke ciki ba, don haka gani ya kori ji: a sa mai shago ya kunna ta ya ɗora a kan kanta mai tudu, mai saye ya matsa gefe, sannan ya durƙusa ya kalle ta daga ƙasa, idan hoton bai sauya ba to ita ce.

Sai batun wuta, wanda a Zariya shi ne yake yanke hukunci a kan kowace na'ura. Talabijin iri biyu ce ta wannan fuska: wadda ba ta aiki sai da wutar soket, da wadda ake kira AC/DC, mai karɓar wutar soket ta hanyar adafta kuma mai karɓar bolt 12 kai tsaye daga batir ko sola. Ga wanda yake da inbata a gida duka biyun za su yi, amma ga wanda yake da ɗan faifan sola da batir ɗaya, mai bolt 12 ta fi, domin ba a asarar wuta wajen juya ta daga batir zuwa bolt 230 sannan a sake mayar da ita ƙasa. Tana da wata fa'ida kuma da nake ganin ta fi wannan girma, wato idan wuta ta zo da ƙarfi ta yi ɓarna, galibi adaftar ce take ƙonewa, a saya wata a kasuwa a ci gaba, maimakon a kwance talabijin a kai wa mai gyara.

Lissafin cin wuta ma yana goyon bayan ƙaramar. A bayan kowace talabijin akwai takarda da aka rubuta adadin wat ɗin da take sha, kuma ya kamata a karanta ta kafin a biya kuɗi. Idan aka ɗauka mai inci 24 tana shan wat 30, mai inci 32 kuma wat 50, kuma kowacce tana aiki awa 5 a rana, ta farko za ta ci yunit 4.5 a wata, ta biyu yunit 7.5, bambancin da bai kai a damu da shi a mita ba. Inda yake bayyana shi ne a kan batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 irin na dalma, wanda ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, zai riƙe ƙaramar tare da dikoda mai wat 10 na kimanin awa 15, babbar kuwa da dikodarta ba za ta wuce awa 10 ba, kuma idan ta inbata ake bi sai ta gaza hakan. A wannan takarda dai za a ga iyakar wutar da take karɓa. Wadda aka rubuta mata bolt 100 zuwa 240 tana jure raunin wuta irin wanda fanka take juyawa da ƙyar, don haka ba lallai a saya mata sitabilaiza ba. Abin da ba ta jurewa shi ne bugun da wuta take yi idan an dawo da ita ko idan janareta yana tangal-tangal, shi ya sa ƙaramin akwatin kariyar nan da ake maƙalawa a soket, wanda yake jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan an kawo ta, ya zama wajibi. Da damina kuma, idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare filogi a zare wayar dish, domin tsawa ta kan wayar eriya take shigowa ba ta soket kawai ba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko a sayi mai intanet ko mara intanet. Mai intanet tana da abin sha'awa a kicin fiye da ko'ina, domin uwargida za ta iya buɗe YouTube ta bi yadda ake haɗa wani abinci mataki-mataki, ta tsayar ta koma baya, ko ta saka karatun malamin da take so a lokacin da take so ba sai ta jira tasha ba. Amma tana da haraji. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallo a matsakaicin hoto yana iya cin gigabait 1 a awa, mai kaifi kuma har gigabait 3, kuma ko an rage kaifin hoto a YouTube, awa huɗu ko biyar a kullum data ce mai yawa ga gidan da ba shi da intanet na wata-wata marar iyaka. Ƙananan masu intanet kuma sau da yawa ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, suna jan ƙafa wajen tashi, kuma bayan wasu shekaru manhajojinsu sukan daina karɓar sabuntawa alhali fuskar tana nan garau. Ga kuma wahalar neman shiri da rimot harafi bayan harafi, hannu duk ƙullu ko manja. Mara intanet ana danna maɓalli ɗaya ta kawo hoto, kuma kusan dukkansu suna da ramin USB, wanda za a iya zuba wa tafsirin wata guda da darussan girki a filas a riƙa kallo ba tare da an kashe ko sisi na data ba. Idan daga baya an samu intanet a gida, ana iya sayen ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin HDMI ta mayar da ita mai intanet. Don haka ni mara intanet nake fifitawa, sai fa gidan da tuni yake da wayafai mai ƙarfi da ya kai kicin. Wadda kuma buƙatarta ba ta wuce duba girki jefi-jefi ba, wayarta a kan ɗan maƙali a bango ta ishe ta.

Hanyar da hoto zai iso kicin ita ma zaɓi ce. Mafi arha shi ne a ja waya daga dikodar falo, amma hakan yana nufin abin da ake kallo a falo shi za a gani a kicin, kuma idan yara sun kama katun ko maigida ya kama ƙwallo, to manufar sayen ta rushe. Dikoda ta biyu ta StarTimes ko GOtv tana ba ta 'yancin kanta, sai dai kuɗin wata ya zama biyu. Hanyar da na ga ta fi dacewa da yawancin gidajenmu ita ce ta tashoshin kyauta na tauraron ɗan'adam, inda ake samun Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, da tashoshin wa'azi na Hausa: a sauya kan dish ɗin zuwa mai baki biyu, a ja waya ta biyu zuwa kicin. Idan aka samu talabijin mai dikoda a cikinta, wadda aka rubuta wa DVB-S2 a kwali, to an huta da ƙarin akwati da ƙarin rimot da ƙarin wayoyin da maiƙo zai bi. A lura kada a rikita ta da DVB-T2, domin wannan ta eriyar ƙasa ce ba ta dish ba.

Sauti shi ne raunin ƙananan talabijin, kuma mai girki da kunne take bin shiri fiye da ido. Lasifikokinsu ƙanana ne, suna fuskantar ƙasa ko baya, kuma da an kunna blanda ko an zuba nama a mai sai murya ta ɓace. A nan mai inci 32 takan fi, wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne a gwada a shago da shirin magana ba da kiɗa ba, a ƙure murya a ji ko tana karkarwa, kuma a tabbatar akwai ramin da za a soka ƙaramar lasifika idan an buƙata.

Game da sabuwa ko ta hannu, araha ba ta ado, amma ba zan ce ta hannu haramun ce ba, tunda kicin wuri ne da ko sabuwa ba za ta kai shekarun ta falo ba. Abin dubawa shi ne fitilun da ke bayan fuskar, domin su ne suka fi mutuwa, kuma alamar gajiyarsu ita ce wani ɓangare ya yi duhu ko hoton ya koma shuɗi-shuɗi. A kula da waɗanda aka shigo da su daga Amurka ko Japan, domin wasunsu an yi su ne don bolt 120 ko 100, idan aka soka su a wutarmu kai tsaye nan take za su ƙone. Sabuwa daga kamfanonin da suke da wakilai a Najeriya, irin su Hisense da LG da Samsung da TCL, tana zuwa da takardar garanti, kuma wannan takarda ba ta da amfani sai an karɓi rasit mai kwanan wata da lambar na'urar.

Duk kyawun zaɓi, wurin da aka sa ta shi ne zai nuna tsawon kwananta. Littattafan da ke zuwa da talabijin galibi suna cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 40, alhali a Maris da Afrilu zafin Zariya a inuwa ma yana haura 35, balle kicin da tukunya biyu a kan wuta. Zafi da tururi da maiƙo sama suke tashi, don haka saman murhu shi ne wuri mafi muni, saman firij kuma yana biye masa saboda ɗumin da yake fitarwa ta baya. A nemi bangon da yake gefe, aƙalla mita ɗaya da rabi daga wuta, nesa da fantsamar ruwan wanke-wanke, ba kuma mai kallon taga ba don kada hasken rana ya kashe hoton. Kada a sa ta a bayan mai girki, domin wadda ta juya wa kaskon mai baya tana kallo tana cikin haɗari ita da yaran da ke shigowa. Maƙali mai hannu, wanda ake janyowa a juya dama ko hagu a kuma sunkuyar da shi, ya fi wanda yake manne da bango, kuma kafin a saya a auna tazarar ramuka huɗun da ke bayan talabijin, waɗanda a ƙanana sukan kasance milimita 75 ko 100 tsakaninsu. Soket ɗinta ya zama nata ita kaɗai, a sama, ba a haɗa ta da hita ko butar lantarki a kan jona ɗaya ba. Idan kuwa aka shigo aka ji warin gas, kada a taɓa soket ko makunni ko wane iri, a rufe silinda a buɗe taga tukuna.

Kulawarta ba ta da wuya idan an saba. Sau ɗaya a mako a zare filogi a goge fuskar da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse sosai, ba a fesa ruwa kai tsaye, ba a sa omo ko kananzir, sannan a bi ramukan iskar baya da busasshen buroshi. A naɗe rimot a farar leda kamar yadda iyayenmu suke yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake shigo da ƙura ta kowace kafa, a ɗinka mata riga ta yadi a riƙa rufe ta bayan an kashe ta ta huce, haka ma duk ranar da za a yi suya mai yawa.

Idan wani zai tafi shagunan PZ ko kasuwar Sabon Gari gobe ya tambaye ni me zai ce wa mai shago, zan ce ya nemi mai inci 24, mai karɓar bolt 12, mai dikodar dish a ciki, wadda hotonta bai sauya ba da ya durƙusa, ya haɗa da maƙali mai hannu da akwatin kariya na soket. Idan kicin ɗin babba ne da har ake zama a ci abinci a cikinsa, kuma akwai bangon da babu komai a jikinsa nesa da wuta, to ya ɗauki mai inci 32 saboda sautinta. Kafin ya fita kuma ya ɗauki awon bangon da igiya ko tef, ya tambayi uwargida inda ta fi tsayawa da tashoshin da take son gani, domin ita ce za ta zauna da ita.